Tambaya da Amsa: Fayafayan Garmahon da Mahaifinmu Ya Bari

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin reluwe tun kafin a sami 'yancin kai, kuma cikin kayan da ya bari akwai garmaho da fayafayai kusan talatin, baƙaƙe masu nauyi. A jikin wasu an rubuta Eric Coates, wasu kuma Queen's Hall Light Orchestra. Na ɗora biyu na saurara, sai na ji kiɗa ne zalla babu waƙa, ga wata ƙara a ƙarƙashinsa kamar ana suya, kuma kafin in gane inda aka dosa har ya ƙare. Wane irin kiɗa ne wannan, kuma ta yaya zan ji abin da marigayi yake ji a cikinsa? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya sa aljanna ce makomarsa. Abin da ka gada shi ne wanda mutanen Birtaniya ke kira kiɗa marar nauyi. Ƙungiyar makaɗa ce sukutum take yin sa, da masu goge irin na Turawa da masu sarewa da masu busa ƙaho da masu ganga, kamar dai yadda ake yi wa manyan kiɗe-kiɗen gargajiyar Turai, sai dai shi ba ya neman mai sauraro ya zauna minti arba'in yana bin diddigin tsarinsa. Amo guda mai daɗi ake ɗauka, a ƙawata shi, a maimaita, a sauke. Ya yi tashe daga wajen 1920 zuwa shekarun 1960, a dandalin shaƙatawa na bakin teku da manyan otal-otal, daga baya kuma a rediyo.

Gajartar da ta ba ka mamaki daga faifan kansa take. Irin waɗannan fayafayai suna juyawa sau 78 a minti ɗaya, saboda haka fuska ɗaya ta faifai mai faɗin inci 10 ba ta ɗaukar fiye da kimanin minti uku, mai inci 12 kuwa minti huɗu da 'yan kai. Masu tsara kiɗan sun san wannan iyaka, kuma a cikinta suke nuna gwanintarsu, kamar maɗinkin da aka ba ƙyalle ɗan kaɗan aka ce ya fitar da hula mai aiki.

Eric Coates, wanda aka haifa a 1886 ya rasu a 1957, shi ne ake ɗauka a matsayin sarkin wannan fanni. Da farko mai goge ne a ƙungiyar makaɗan Queen's Hall ta Landan ƙarƙashin jagoran makaɗa Henry Wood, har zuwa 1919, kuma zaman da ya yi a tsakiyar makaɗa ya sa ya san abin da kowane kayan kiɗa zai iya ɗauka. A 1933 gidan rediyon BBC ya zaɓi kiɗansa mai suna Knightsbridge ya zama taken shirin In Town Tonight, sai wasiƙu suka yi ta kwarara ana tambayar sunansa. A 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani kiɗan nasa, Calling All Workers, ya zama taken shirin da ake watsa wa ma'aikatan masana'antu domin ƙarfafa musu gwiwa, kuma kiɗansa By the Sleepy Lagoon yana buɗe shirin Desert Island Discs tun 1942 har yau. A nan kunnen Bahaushe yana da abin kamawa, domin mun san take: da zarar makaɗi ya buga shi, kowa ya san wanda ake nufi ba tare da an ambaci suna ba. Haka mutanen Ingila na wancan zamani suke jin waɗannan kiɗe-kiɗe, kowanne da shirinsa da sa'arsa da abin da yake tuna musu.

Ita kuwa Queen's Hall Light Orchestra, kamfanin wallafa kiɗa na Chappell ne ya riƙa amfani da ita wajen ɗaukar kiɗan da ake sawa a rediyo da labaran majigi, kuma cikin waɗanda suka jagorance ta akwai Charles Williams da Robert Farnon, ɗan Kanada da ya zauna a Birtaniya bayan yaƙi. Zauren kiɗa na Queen's Hall, wanda ta ci sunansa, bam ya rushe shi a watan Mayun 1941.

Yanzu ga maganar ƙarar da ka kwatanta da suya. An yi fayafayan ne da wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a bishiyoyin Indiya, an gauraya shi da garin dutse, kuma gogayyar allura da wannan haɗi ita ke haifar da ƙarar. Shawarata ita ce kada ka yi faɗa da ita. Ka zaɓi faifai ɗaya, ka saurare shi sau uku a wuri shiru. A karo na biyu kunnenka zai fara ajiye ƙarar gefe, a na uku kuwa ka bi amon da masu goge suka fara ɗauka, ka lura da lokacin da suka miƙa shi ga masu busa, da yadda yake dawowa da ƙarfi a ƙarshe. An sake ɗaukar da yawa daga cikin waɗannan kiɗe-kiɗe da na'urorin zamani a shekarun 1990, kuma sautinsu garau yake, amma ni dai na fi son tsofaffin, domin Coates da kansa ne ya jagoranci makaɗa a da yawa daga cikinsu, kuma yana son a kaɗa su da kuzari, babu jan ƙafa. Makaɗan nan ba su koyi salon daga littafi ba, shi ne abincinsu na yau da kullum, kuma a wancan lokaci ba a yanka a haɗa, abin da aka kaɗa a minti ukun nan shi ne ya hau faifai.

Ka kula da su sosai, domin suna fashewa kamar tangaram. Ka jera su a tsaye cikin rigunansu na takarda, nesa da zafin rana da laimar damina, kada kuma ka kuskura ka goge su da sifirit, domin yana narkar da ƙaron. Tsumma mai laushi ya wadatar. Allurar ƙarfe ta garmaho ana canza ta bayan kowace fuska, in ba haka ba sai ta dakushe ta cinye layukan faifan. Idan kuma za ka ɗora su a kan na'urar zamani domin ka kwafe su zuwa kwamfuta, ka tabbatar tana da gudun 78 da kuma allurar da aka yi dominsu, wadda ta fi ta fayafayan baya kauri.