Bambancin back, behind da rear

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Turanci ke da kalmomi da yawa na “baya”, kuma wacce za ka ɗauka. Dalili shi ne ba gida ɗaya suka fito ba.

Back da behind 'yan gida ne, tun tsohon Turanci ake da su. Amma aikinsu daban. In ka ce yaro yana “in the back of the car”, yana zaune a kujerar baya, cikin motar. In ka ce “behind the car”, yana waje, tsaye a bayanta, sai direba ya kula kafin ya yi ribas. Nan ne akasarinmu ke tuntuɓe, don mu “bayan mota” kawai muke cewa.

Rear kuwa baƙuwa ce. Daga tsohon Faransanci ta shigo, tushenta retro na Latin, kuma da maganar sojoji ta yi suna, wato dakarun da ke tsaron bayan runduna. Har yau tana da ƙamshin hukuma: takardun mota, madubin duba baya, ƙofar bayan gini. 'Yar uwarta ce arrears, ariyas ɗin nan da ma'aikata ke jira, kuɗin da aka bari a baya.

Hind ta ƙafafun bayan dabba ce, aft da stern na jirgin ruwa, posterior ta likitoci. A hira dai ka riƙe back, ita ce ba ta ba da kunya.