Tambayi Likita: Me ya sa miki ke daɗewa a bakin tsofaffi?

Likita, an cire wa mahaifiyata haƙori kwana 10 da suka wuce, shekarunta 68, har yanzu ramin bai rufe ba. Ni da aka cire min, cikin mako guda na manta da shi. Ko da matsala? (Daga Zariya)

'Yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Baki yana cikin wuraren da suka fi saurin warkewa a jiki, saboda yawan jinin da ke kai wa dasashi da kuma yawu da ke kashe ƙwayoyin cuta. Idan shekaru suka ja, fatar cikin baki kan yi sirara, gudun jini ya ragu, sabon nama ya riƙa fitowa a hankali. Don haka in dasashin Hajiya ya ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya haɗe, ba abin tashin hankali ba ne. Ƙashin da ke ƙarƙashi ma sai ya yi watanni.

Amma ina so a auna mata suga, domin ciwon suga ya fi tsufa hana miki warkewa, kuma da yawa suna da shi ba su sani ba. Ki kuma lura da cimarta. Abin yana damuna yadda ake barin tsoho da kunu da shayi kawai don ba ya iya tauna. Da me jiki zai gina nama? A ba ta dafaffen ƙwai, alale, kifi mai laushi, nono da lemon zaƙi. Ta riƙa kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri bayan cin abinci. In akwai wari, kumburi, zazzaɓi ko zogi mai kaiwa kunne, a mayar da ita wurin likitan haƙori ranar.

Babana yana da gyambo a gefen harshe fiye da wata guda. Ba ya masa zafi, ya ce tsufa ne. Yana shan taba. (Daga Maraɗi)

Malam, kada a ɗora wa tsufa wannan. Duk gyambon bakin da ya wuce mako uku bai warke ba, dole likita ya gani, musamman ga mai shan taba, kuma rashin zafin ba ya kwantar min da hankali. Yana yiwuwa karyayyen haƙori ko haƙorin roba ne ke gurzar wurin, a gyara a huta. Yana yiwuwa kuma farkon kansar baki ne, wadda ake samun nasara a kanta idan an gano da wuri. Ka lallashi Baba ku je asibiti cikin makon nan. Kada a shafa kanwa ko a ɗora ƙwayar asfirin a wurin, ƙona naman suke yi.

Tun da na fara shan maganin hawan jini bakina ke bushewa, ɗan ciwo kaɗan sai ya daɗe. In daina? (Daga Gombe)

A'a Alhaji, kada ka daina da kanka. Wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa yawan fitsari, suna rage yawu. Ka gaya wa likitanka, yana iya canza maka wani. Kafin nan ka riƙa kurɓar ruwa akai-akai, ka tauna cingam marar suga, ka kuma guji maganin kurkure baki mai sinadarin barasa.