Kuɗin Fito a Bakin Mamaci

Tambaya: Malam, ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa Girkawan dā suna sa wa gawa kuɗi a baki. Gaskiya ne ko shaci-faɗi? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, yaron bai yi ƙarya ba. Wasunsu kan sa ɗan tsabar kuɗi mai suna obol, ɗaya bisa shida na kuɗinsu dirakma, a bakin mamaci. A camfinsu, wani tsohon mai kwalekwale, Karon, shi ke haye da matattu kogi zuwa ƙasar Hades, wato lahirarsu, kuma ba ya fito bashi.

Binne gawa ba wasa ba ne a wurinsu. A shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen birnin Atina suka kashe kwamandojinsu shida da suka ci yaƙin ruwa, don guguwa ta hana su kwaso waɗanda jiragensu suka nutse, masu rai da gawarwaki.

Ni dai wanda ya fi ba ni dariya shi ne Sisifus, sarkin birnin Korinti a tatsuniyarsu. Da ajali ya matso, ya ce wa matarsa kada ta yi masa jana'iza. Yana isa lahira ya kai ƙarar matar, aka bar shi ya dawo ya tsawata mata, gogan naka ya yi zamansa har tsufa. Da allolinsu suka sake kama shi, suka ɗora masa mirgina ƙaton dutse zuwa kan tsauni; yana dab da kaiwa sai dutsen ya gangaro, ya sake komawa gindi.