Sabon kanel ya ƙi ganin faifai a cikin KVM

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Na haɗa kanel na Linux a kan kwamfutata da `make localmodconfig`, na kai shi baƙon (kwamfutar kwaikwayo) da ke gudana a QEMU/KVM. Yana tashi sai ya tsaya da "VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan (0,0) na nufin kanel bai ga faifan ba sam. Shi `localmodconfig` yana duba direbobin da `lsmod` ya nuna an loda a na'urar da aka gudanar da shi, ya kashe sauran. Da yake a kan mai masauki (ainihin kwamfutarka) ka yi, direbobin virtio (na'urorin kwaikwayo da QEMU ke ba baƙo) da baƙo ke dogaro da su sun tafi.

Ka tayar da baƙon da tsohon kanel, ka yi `lsmod > bako.txt`, ka kwafo fayil ɗin, sannan `make LSMOD=bako.txt localmodconfig`. Ko kuma bayan `make defconfig` ka bi da `make kvm_guest.config`.

Sai ka duba wane irin faifai aka ba baƙon. In /dev/vda ne, CONFIG_VIRTIO_BLK kake buƙata. In /dev/sda ne ta virtio-scsi, sai CONFIG_SCSI_VIRTIO tare da CONFIG_BLK_DEV_SD. Dukkansu ba sa motsi sai da CONFIG_VIRTIO_PCI, kuma a nan ne akasari ake tuntuɓe. `modinfo -F depends virtio_blk` ba zai ambaci virtio_pci ba, domin ba ayyukansa yake kira kai tsaye ba. Shi virtio_pci ne ke gano na'urar a kan PCI ya miƙa ta. Don haka virtio_blk zai iya loduwa lafiya lau, babu ƙorafi, amma babu faifai. `lspci -nnk` zai nuna na'urorin virtio da lambar 1af4 da direban da ya riƙe kowacce.

Akwai kuma batun y (a gina direba a cikin kanel) da m (a bar shi a fayil daban, a loda shi daga baya). Direban da aka yi m yana zaune a /lib/modules, a kan faifan da ake neman buɗewa, kamar mabuɗin da aka kulle a cikin ɗaki. Ko dai ka sa shi a initramfs (ƙaramin ƙunshin fayiloli da ake lodawa tare da kanel kafin a buɗe faifai) da `dracut` ko `update-initramfs`, ka tabbatar da `lsinitrd` ko `lsinitramfs`, ko ka mai da shi y. Shawarata ga baƙo ita ce VIRTIO_PCI da direban faifai da CONFIG_EXT4_FS, in ext4 kake amfani da shi, duk su zama y. In ka jefar da initramfs gaba ɗaya, `root=UUID=` ba zai yi aiki ba; rubuta `root=/dev/vda1` ko `root=PARTUUID=`.

In ka gyara .config (fayil ɗin zaɓuɓɓukan kanel) da hannu, `make olddefconfig` zai share duk zaɓin da sharuɗɗansa ba su cika ba, ba tare da ya ce uffan ba. Kafin ka sake haɗawa, yi `grep VIRTIO .config`, kada ka manta da CONFIG_VIRTIO_NET, in ba haka ba baƙon zai tashi babu intanet.