Hukuncin Yaɗa Bidiyon 'Yar Fim da Niyyar Jan Kunne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ke kula da zauren WhatsApp na matasan unguwarmu. Wani guntun bidiyo ya fito na wata 'yar fim tana rawa cikin shigar da ba ta dace ba, sai na tura shi zauren da kuma Facebook, na rubuta "Allah wadai" don mutane su ga ɓarnar da ake yi. A ƙasan rubutun wasu suka riƙa kiranta karuwa. Abokina ya ce na ɗauki zunubi. Shin ba hani da mummuna na yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka a kan kishin addini. Sai dai abokinka ya fi ka gaskiya. Rawar da shigar, in haka suke yadda ka faɗa, saɓon Allah ne, babu ja. Amma tura bidiyon haramun ne, kuma kyakkyawar niyya ba ta halatta haram.

Allah ya ce a Suratun Nur, aya ta 19, waɗanda suke son alfasha ta yaɗu cikin muminai suna da azaba mai raɗaɗi a duniya da lahira. Kai ba ka so ta yaɗu ba, amma da hannunka ta yaɗu. Yaron da bai san da bidiyon ba, a zaurenka ya gan shi, ya tsaya ya kalli jikin mace, shi kuwa "Allah wadai" ɗinka ko karanta shi bai yi ba. Sannan su waɗannan kafafe, duk abin da aka fi kallo da turawa shi suke ƙara kai wa mutane, ko da zagi ake yi a ƙarƙashinsa. Wato tallar abin ka yi kyauta.

Inda na fi jin tsoro shi ne kalmar nan da aka jefe ta da ita. Wanda ya kira Musulma karuwa ya jingina mata zina, wannan kuwa shi ne ƙazafi. Aya ta 4 ta surar ta ce ko ya kawo shaidu huɗu, ko a yi masa bulala tamanin a daina karɓar shaidarsa. Rawa ba zina ba ce, muguwar shiga ma ba zina ba ce. A mazhabarmu ta Malikiyya ko habaici mutum ya yi, matuƙar an fahimci zina yake nufi, alƙali na iya tsayar masa da haddi. Ka tuna ƙiren ƙaryar da aka yi wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Munafuki ne ya ƙulla ta, amma cikin waɗanda suka sha bulala har da Misɗahu, wanda ya halarci Badar, don kawai ya maimaita abin da ya ji. Allah ya ce kuna ɗaukarsa abu mai sauƙi alhali a wurinsa babba ne. Balle yanzu da ake yanke bidiyo, a tono tsoho a ce sabo ne, har a ɗora fuskar wata a jikin wata.

Za ka ce ai ita ta tona asirin kanta. Haka ne, malamai irin su Imamun Nawawi sun halatta a ambaci mai bayyana saɓo da abin da ya bayyana, banda ƙari. Wannan izinin magana ne, bai kai ga nuna wa jama'a tsiraicinta ba, bai kuma halatta tsinuwa ba. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wani da ake yawan yi wa bulala saboda giya, wani ya tsine masa, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa.

Don haka ka goge bidiyon daga duk inda ka saka shi, ka goge maganganun ƙazafin da ke ƙarƙashinsa, ka yi istigfari, ka gaya wa 'yan zauren dalili. In kana son yin magana, yi bayanin hukuncin aikin ba tare da hoto ba. In kana da hanyar isa gare ta ko ga iyayenta, yi mata nasiha a asirce. In kuma ƙorafi ne, a Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, akwai Hisba, su ke da hurumin kiranta su tuhume ta.

Allah ne mafi sani.