Tambaya da Amsa: Layukan da suka fito a kwanon shayina na Japan lahani ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana da ya yi karatu a Japan ya kawo mini tsarabar kwanon shan shayi na yumɓu, wanda ya ce aikin garin Hagi ne, a cikin akwatin katako mai rubutu a marfinsa, tare da wata 'yar jar buta mai mariƙi a gefe. Bayan wata uku ina amfani da kwanon, sai siraran layuka kamar tsaga suka bayyana a cikinsa, kullum suna ƙara duhu. Shin ya lalace ne? Kuma tunda sha'awar tara irin waɗannan kaya ta shige ni, yaya zan bambance aikin hannu da na masana'anta? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, kwanonki lafiyarsa ƙalau, hasali ma abin da kika gani shi ne dalilin da ya sa masana shayi a Japan suke son kayan Hagi. Idan aka gasa kwanon, shafen ƙyallin da ke samansa da yumɓun da ke ƙarƙashi ba sa tsukewa daidai wa daida lokacin da suke hucewa, saboda haka sai shafen ya yi ƙananan tsage-tsage da ido bai cika gani ba tun yana sabo. Yumɓun Hagi kuwa mai shan ruwa ne kamar randa, don haka duk shayin da kika zuba sai ɗan kaɗan ya ratsa ya zauna a cikin layukan, launin kwanon ya riƙa sauyawa shekara bayan shekara. Mutanen can suna kiran wannan sauye-sauye bakwai na Hagi. Tsagar da ta zama lahani ita ce wadda ta keta jikin kwanon har ana ganin ta ciki da waje a layi guda. Idan gumi kawai yake yi a gindi, ki cika shi da ruwan dafaffiyar shinkafa mai kauri ya kwana, zai toshe ƙofofin.

Sana'ar Hagi ta samo asali ne daga maginan tukwane na Koriya da aka kai Japan bayan yaƙe-yaƙen da mai mulkin Japan na lokacin, Toyotomi Hideyoshi, ya ƙaddamar a kan Koriya tsakanin 1592 da 1598, inda suka zauna ƙarƙashin gidan sarautar Mori a yankin da ake kira Yamaguchi yanzu. Akwai tsohon zance a wurin masu shayi da ya jera kwanuka bisa daraja: Raku na farko, Hagi na biyu, Karatsu na uku. Raku ya fara ne a birnin Kyoto a ƙarni na 16, lokacin da wani magini mai suna Chojiro ya riƙa gina wa babban malamin shayi Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, kwanuka da tafin hannu ba tare da faifan juyi ba, kuma zuriyar gidan tana kan sana'ar har yau, a magaji na 16. Irin waɗannan kwanuka masu faɗin ciki an yi su ne domin garin koren shayi da ake kira matcha, wanda ake burgawa da ɗan maburgin gora har ya yi kumfa.

Jar butar taki kuwa, bisa yadda kika kwatanta ta, ta yi kama da aikin Tokoname da ke jihar Aichi, ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwa shida na ginin tukwane a Japan, tare da Bizen da Shigaraki da Seto da Tamba da Echizen. Jan launin ya fito ne daga sinadarin ƙarfe da ke cikin yumɓun. A nan ina so ki kula sosai, domin mun saba ɗora butar shayi a kan gawayi: wannan buta ba ta hawa wuta ko kaɗan. Ana tafasa ruwa a wani mazubi dabam, a bar shi ya ɗan huce zuwa digiri 70 ko 80 a ma'aunin Salshiyas, sannan a zuba a kan ganyen. Kada ki sa sukari ko madara ko citta a cikinta, kada ki wanke ta da sabulu, saboda cikinta ba shi da shafe, duk ƙamshin da ya shiga ya zauna ke nan.

Game da gane aikin hannu, ki fara da kife kwanon ki dubi gindinsa, wurin da magini ya fi barin shaidarsa. Za ki ga sawun abin da ya fere yumɓun da shi, da tsirarar ƙasar da shafe bai rufe ba, sau da yawa kuma da ɗan hatiminsa a gefe. Kayan zubi na masana'anta sukan bar siririn layin haɗi a jiki ko a mariƙi, kuma idan kika jera goma ba za ki iya bambance ɗaya da ɗaya ba. Ita kuwa buta, ki cika ta da ruwa, ki toshe ɗan hujin marfin da yatsa sannan ki karkata ta; idan marfin ya zauna daram, ruwan zai tsaya. Na taɓa riƙe wata butar Tokoname ina ƙirga ƙananan hujojin matacin yumɓun da ke bayan bakinta, waɗanda aka huda ɗaya bayan ɗaya, har na ɓata lissafi, kuma tun ranar na daina ganin tsadar irin wannan aiki.

Akwatin katakon nan kada ki yar da shi. Rubutun marfinsa yakan ɗauki sunan kayan da sa hannun magini da jan hatiminsa, kuma kwanon da ya rabu da akwatinsa yana rage daraja a wurin masu saye. Sai dai akwati ba hujja ba ce ita kaɗai, tunda ana iya sauya abin da ke ciki, shi ya sa nake ba mai farawa shawarar ya bar tsofaffin kaya masu manyan sunaye, ya sayi aikin maginan da ke raye, ya zaɓi abin da ya zauna masa a tafin hannu kuma bakinsa ya yi daɗin kurɓa. Kwano biyu da kike shan shayi da su kullum za su koya miki fiye da ashirin da ke kulle a kabad.

Wannan al'ada ma tana da zare da ya iso gare mu. Michael Cardew, maginin tukwane ɗan Ingila wanda ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta yi suna, almajirin Bernard Leach ne, shi kuma Leach a Japan ya koyi sana'ar, ya dawo Ingila a 1920 tare da abokinsa Hamada Shoji suka buɗe matoya.

Idan damina ta shigo, ki ɗauraye kwanon da ruwan ɗumi bayan kowane amfani, ki bar shi a wuri mai iska ya yi kwana biyu zuwa uku kafin ki mayar da shi akwati, domin yumɓun Hagi yana riƙe laima a ciki ko da samansa ya bushe, kuma idan aka rufe shi da danshi zai yi fumfuna da wari mai wuyar fita.