Kifayen ado suna mutuwa: me ya kamata a fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Makonni biyu da suka wuce na sayi akwatin gilashi mai cin lita 40 tare da kifayen ado shida masu ruwan zinare, sai ga shi huɗu sun mutu a dare ɗaya. Mai shago ya ce in sayi magani da wasu sababbin kifaye. Shin in saya? Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sayi ko ɗaya tukuna, domin idan kifaye da yawa suka mutu lokaci guda, ruwan ake fara tuhuma kafin a tuhumi cuta.

Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da amoniya, wadda guba ce, kuma ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a cikin matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin, su ne suke sarrafa ta zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. A sabon akwati waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, saboda haka naki bai shirya ba, ga kuma kifi shida na wannan nau'i mai yawan kashi sun yi wa lita 40 yawa ƙwarai.

Zafin garinmu ma yana da hannu. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iskar oksijin sosai, alhali wannan kifin ya fi son ruwan da bai wuce digiri 24 ba. Idan aka ɗauke wuta cikin dare injin hura iska ya tsaya, kifayen sukan taso saman ruwa suna buɗe baki, kafin asuba an yi asara. Ki kuma tambayi mutanen gida ko an fesa maganin sauro a falon, abin da mutane da dama ba sa kawowa a ransu, domin ɗan kaɗan daga cikinsa yana kashe kifi.

Yau ɗin nan ki kwashe matattun, ki canza rabin ruwan, ki dakatar da abinci na kwana biyu. Ruwan famfo yana iya ɗauke da kulorin, don haka sai an sa masa sinadarin da ke kawar da shi, kuma kada a zuba ruwan tankin sama da rana ta gasa sai ya huce.

Kuɗin da kika ware, a ganina, ki fara sayen kayan gwajin amoniya da naitirait, sai injin hura iska mai batir. Sabon kifi ya jira har gwaji ya nuna sifili a dukansu biyu.

Tambaya: Malam, ya dace in wanke matatar ruwa da duwatsun akwatin da sabulu bayan kifi ya mutu? Daga wani mai karatu a Arkilla.

Amsa: A'a, Malam. Sabulu guba ne ga kifi, wankin ƙal kuma yana kashe ƙwayoyin da ake buƙata. Ka ɗauraye soson matata a cikin tsohon ruwan akwatin, ka keɓe bokiti guda wanda omo ba ya shiga.